Tambayoyinku: Yadda Ake Shata Hanyar Tsaunuka a Tseren Keken Mata

Wasiƙun wannan karo sun karkata ne ga tseren keken mata na ƙwararru, musamman ranakun hawan tsaunuka a Faransa da Italiya da Sifaniya. Ga wanda bai saba kallo ba: ana raba irin wannan tsere zango-zango, kusan kullum zango ɗaya, a riƙa tara lokacin kowace 'yar tsere, wadda jimillar lokacinta ya fi ƙanƙanta ita ce zakara. A Faransa mai jan ragama tana sa riga mai ruwan ɗorawa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Don Allah wa ke zaɓar hanyar da ake bi a Tour de France Femmes, kuma ta ina ake farawa? Ko taswira kawai ake shimfiɗawa a ja layi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kamfanin ASO ne ke shirya wannan babban tseren mata na Faransa, shi ne kuma mai shirya na maza. Tun da aka fara a 2022, Marion Rousse, wadda ta taɓa zama zakarar Faransa, ita ce darakta, tare da ma'aikatan da aikinsu shi ne bin hanya da mota suna dubawa.

Layin taswira shi ne na ƙarshe. Abin da ake fara tsayarwa uku ne: garin da za a tashi, inda za a kammala, da babban dutsen shekarar. Garuruwa da larduna su ke neman a kawo musu zango, kuma biya suke yi, saboda haka mai shata hanya ba ya da cikakken 'yanci. Idan Rotterdam ta karɓi buɗewa kamar a 2024, kuma an yanke cewa a dutsen Alpe d'Huez za a rufe, to dole a keta Holan da Beljiyam da gabashin Faransa cikin kwana bakwai, ko ta yaya.

Daga nan sai haɗa tsakani, kuma nan ne ciwon kai yake. Tsakanin inda aka gama yau da inda za a tashi gobe bai kamata ya zama doguwar tafiyar mota ba, domin duk awa ɗaya a cikin bas awa ɗaya ce da aka rage daga cin abinci da tausa da barci. Ana buƙatar masauki ga ƙungiya fiye da 20, kowace da 'yan tsere 7 da makanikai da likita da mai dafa abinci. Wurin kammalawa kuma sai ya ɗauki manyan motocin talabijin da lantarki da shinge da dandamalin ba da kyauta. Wannan ne ya sa yawancin zangunan da ke ƙarewa a kan dutse suke ƙarewa a wuraren wasan ƙanƙara: can ne ake samun fili da kwalta mai kyau da hanyar da motar asibiti za ta bi. Akwai duwatsu masu kyau da yawa da ba a taɓa kammala tsere a kansu ba, don kawai babu inda za a juya babbar mota.

Sai a bi hanyar da mota, mita bayan mita. Ana rubuta kowane shataletale, kowane tudun rage gudu, kowane ɗan tsibirin siminti da ke tsakiyar titi, gadar da ta tsuke, da mashigar jirgin ƙasa, wadda ita kam dole a daidaita lokacinta da na jirgi. Hukumar kowane lardi sai ta ba da izinin rufe hanya, jandarmomi su tsara tsaro. A watan Oktoba ake sanar da hanyar a Paris. Bayan sanyin hunturu kuma a sake dubawa, saboda ƙanƙara tana fasa kwalta, kuma wani gari kan gina sabon shataletale ba tare da ya tuna da tseren ba. A ƙarshe duk wannan yana shiga littafin hanya da ake raba wa ƙungiyoyi.

Tambaya: Maza suna yin zango 21, mata ko 10 ba su kai ba, kuma zangunansu gajeru ne. Shin jikin mace ne ba zai ɗauka ba?

Amsa: A'a, 'yar uwa, tarihi ma ya riga ya amsa wannan. Daga 1984 zuwa 1989 an yi tseren mata tare da na maza a Faransa. Na 1984 zango 18 ne, Marianne Martin 'yar Amurka ta cinye, bayanta Maria Canins ta ci sau biyu, Jeannie Longo sau uku, kuma sun hau tsaunukan Alps da Pyrenees. A Italiya mata sun hau dutsen Stelvio a 2010, inda Mara Abbott ta yi nasara, sun kuma hau Zoncolan a 2018.

Abin da ke ɗaure hannun masu shiri doka ce da kuɗi. Lokacin da aka fara tseren na yanzu a 2022, dokar hukumar keke ta duniya, UCI, ta kayyade zangon mata a kilomita 160, sai da aka nemi izini na musamman kafin a yi zango na biyar mai kilomita 175 da 'yan kai. A 2023 an yi na Rodez mai kilomita 177. Ta fuskar kuɗi kuwa, sai a 2020 aka fara tilasta mafi ƙarancin albashi a manyan ƙungiyoyin mata, Yuro 15,000 a shekara a lokacin. Ma'ana, ba a daɗe ba da mata da yawa a cikin ayarin suke haɗa tsere da wani aikin ko karatu. Manyan na gaba za su iya makonni uku. Tambayar ita ce mutum nawa cikin dukan ayarin za su kai ƙarshe da ƙarfin yin tsere. Shi ya sa ake ƙarawa sannu a hankali: zango 8 a shekaru ukun farko, 9 a 2025.

A ganinmu ƙarin kwanaki ya fi ƙarin tsawon zango amfani. Zangon dutsen Tourmalet na 2023 bai kai kilomita 90 ba, amma shi ya yanke tseren. Dogon zango yana da nasa aikin, wato gajiyar da ƙafafu kafin ranar dutse, sai dai ɗaya ko biyu sun isa.

Tambaya: Ina ganin ana rubuta misali "kilomita 18.6, kashi 8.1 cikin 100". Me ake nufi, kuma yaya zan gane dutsen da ya fi wuya?

Amsa: Malam, kashi 8 cikin 100 na nufin duk mita 100 da aka yi gaba, an ɗaga sama mita 8. Alƙaluman da ka kawo na Col de la Madeleine ne kamar yadda aka hau shi a 2025. Ka ninka kilomita 18.6 da 8.1 cikin 100, za ka samu kimanin mita 1,500 na ɗagawa sama. Manyan masu hawa suna cinye wannan cikin awa ɗaya da 'yan mintuna.

Ga dalilin da ya sa wannan adadi yake da muhimmanci. A shimfiɗaɗɗiyar hanya, ana gudun kilomita 40 ko fiye a awa, iska ce babbar abokiyar gaba. Wadda ta laɓe a bayan wata tana rage wahala da kusan kashi ɗaya cikin uku, a tsakiyar ayari ma fiye da haka, don haka mai rauni tana iya bin mai ƙarfi duk yini. A hawa mai kashi 8, gudu yana sauka ƙasa da kilomita 20 a awa, iska ta daina yin tasiri sosai, kusan duk ƙarfin yana tafiya ne wajen ɗaga nauyin jiki da na keke. Laɓewa ba ta ceton kowa. Abin da ya rage shi ne ƙarfin da mutum ke fitarwa idan an raba shi da nauyinta. Idan wata ta fi wata da kashi 3 cikin 100 kacal, a hawan awa ɗaya tazarar ta kusan minti biyu. A hawan kashi 4 ko 5 kuwa, har yanzu gudu yana da yawa, laɓewa tana aiki, sai ka ga mutum ashirin sun iso tare. Mai shata hanya da yake son a rabu yana neman kashi 7 zuwa sama, na tsawon aƙalla rabin awa.

Amma kada matsakaicin adadi ya ruɗe ka. Lagos de Covadonga a Sifaniya matsakaicinsa bai kai kashi 7 ba, sai dai kusa da ƙarshe akwai wuraren da hanya ke gangarawa, su suka ja adadin ƙasa. Tsakiyarsa ya fi haka tsanani ƙwarai. La Super Planche des Belles Filles, inda aka rufe tseren 2022, kilomita 7 ne kawai a kashi 8.7, amma ƙarshensa akwai tsakuwa da wani ɗan bango da ya haura kashi 20. Zoncolan ta ɓangaren Ovaro kilomita 10 ne a kusan kashi 12, can babu dabara, kowa da ƙafarta. Alpe d'Huez, kilomita 13.8 a kashi 8.1 da lanƙwasa 21, ya fi tsanani a kilomita biyun farko, kuma wadda ta biye wa zuciya a nan tana biyan bashin a sama.

Sai kuma nisan wurin daga teku. Tourmalet ya kai mita 2,115. Daga wajen mita 1,500 zuwa sama iska tana ƙaranci yadda kowa ke ji a ƙirji, kuma ba daidai take rage wa kowa ƙarfi ba. Wannan ne ya sa ƙungiyoyi ke kai 'yan tserensu su zauna makonni biyu zuwa uku a kan tsauni kafin gasa. Masu shiri suna ba duwatsu daraja daga 4, mafi sauƙi, zuwa 1, sannan ajin da ya wuce lissafi, mai alamar HC. Darajar tana duba tsawo da tsanani da kuma inda dutsen ya faɗo a cikin zangon.

Tambaya: Abin da ke ba ni mamaki shi ne, wani lokaci a hau ƙaton dutse a tsakiyar zango amma babu wadda ta motsa, kowa na jiran na ƙarshe. Laifin 'yan tsere ne ko na mai shata hanya?

Amsa: Malama, wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma mafi yawan lokuta amsar tana cikin kwarin da ke tsakanin duwatsun biyu. Girman dutse ba ya sa a kai hari. Abin da 'yar tsere ke lissafawa kafin ta ɓalle shi ne: bayan na sauka, kilomita nawa zan yi ni kaɗai ina sarar iska, alhali na baya suna karɓa-karɓa?

Mu duba zanguna biyu. A 2023 an hau Col d'Aspin, kilomita 12 a kashi 6.5, sannan Tourmalet. Gangarar Aspin tana saukowa ne a ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan, kuma daga nan hawan Tourmalet yake farawa, kusan babu shimfiɗa a tsakani. Saboda haka Annemiek van Vleuten ta kai hari tun a Aspin, Demi Vollering da Kasia Niewiadoma suka bi ta. Da manyan biyun suka tsaya kallon juna, Niewiadoma ta sulale a gangara ta shiga Tourmalet ita kaɗai a gaba. Vollering ta kamo ta a cikin hazo kusa da sama ta wuce, ta ci da tazarar kusan minti biyu. Tsarin hanyar ne ya ba su lasisin farawa da wuri.

A 2024 zangon ƙarshe ya bi ta Col du Glandon, kilomita 19.7 a kashi 7.2, sannan Alpe d'Huez. Tsakanin ƙolin Glandon da gindin Alpe akwai sama da kilomita 30: doguwar gangara wadda a cikinta ma akwai 'yan tudun da ke katse gudu, sai shimfiɗaɗɗen kwari har garin Bourg d'Oisans. A ranar da babu dole, babu mai hankalin da za ta kai hari a Glandon. Amma Vollering ta wayi gari tana bayan Niewiadoma da minti 1 da sakan 15, ta san Alpe shi kaɗai ba lallai ya ishe ta ba, sai ta ɓalle kusa da ƙolin Glandon, Pauliena Rooijakkers ta manne mata. A cikin kwarin kusan duk jan ya faɗo a kan Vollering, alhali Niewiadoma tana cikin 'yar tawagar da ta samu masu taya ta. Tazarar da aka gina a dutse ta riƙa zaizayewa a shimfiɗa. Vollering ta ci zangon, Niewiadoma ta iso ta huɗu bayan minti 1 da sakan 1. Ƙara garaɓasar sakan 10 da ake ba wadda ta zo ta ɗaya, ya zama minti 1 da sakan 11. Saura sakan 4, kuma da su Niewiadoma ta cinye tseren gaba ɗaya. Da kwarin nan ya gajarta da kilomita biyar, ko da Vollering tana da abokiyar ƙungiya guda a gaba tana jiran ta, da wuya sakamakon ya tsaya haka.

Akwai wani abu da ya sa wannan lissafi ya ɗan bambanta a tseren mata. Ƙungiya mutum 7 ce, ta maza 8, kuma ba kowace ƙungiya ke da masu hawa uku ko huɗu da za su raka jagora har dutsen ƙarshe ba. Da zarar an hau dutse na farko da ƙarfi, jagorori sukan rage su kaɗai. Idan babu masu bin sawu, kwarin ba ya tsoratarwa kamar a tseren maza. Haka ta faru a 2022 a tsaunukan Vosges: Van Vleuten ta kai hari tun a Petit Ballon, dutsen farko cikin uku, ta yar da Vollering a na biyu, Platzerwasel, ta isa Le Markstein da tazarar fiye da minti uku. Yanzu da ƙungiyoyi ke ƙara ƙarfi, irin wannan yana ƙara wuya, kuma dole masu shata hanya su riƙa matso da duwatsu kusa da juna fiye da da.

Idan kina duba zanen zango, ki auna abu uku: nisan ƙolin dutsen kusa da na ƙarshe zuwa gindin na ƙarshe, faɗin hanyar kwarin, da inda iska ta saba kaɗawa. A kwarurrukan Alps iskar rana takan hau daga ƙasa zuwa sama, don haka mai saukowa ita kaɗai sau da yawa tana karo da ita. Ƙasa da kilomita 10 na shimfiɗa, ki sa ran hari. Fiye da 20 a hanya mai faɗi, ki sa ran jira, sai dai in wata ba ta da zaɓi.

Tambaya: Me ya sa kullum sai a kwana biyun ƙarshe ake sa manyan duwatsu? Ni kam kwanakin farko suna gundurata.

Amsa: Dalili biyu ne, Malam. Na farko, Asabar da Lahadi su ne ranakun da aka fi kallon talabijin da fitowa bakin hanya. Na biyu, tsoron kada tsere ya mutu da wuri. A gasar kwana takwas ko tara, idan wata ta ba da tazarar minti uku ranar Talata, sauran kwanakin rakiya ne. Ko a 2022 da aka ajiye Vosges sai Asabar, zangon Lahadi ya zo an riga an san zakara. A 2025 Pauline Ferrand-Prévot ta yi irin haka a Madeleine ranar Asabar.

Amma kukanka yana kan hanya, kuma maganinsa shi ne a ba kwanakin tsakiya haƙora. An gwada tsakuwa a gonakin inabin Champagne a 2022. Ta kawo fashewar tayu da faɗuwa, wasu suna ganin sa'a ta yi yawa a ciki. A 2024 zangon Valkenburg zuwa Liège ya bi ta gajerun tudu masu tsanani kamar Cauberg da La Redoute, manyan suka fito da gaske, Puck Pieterse ta ci. Mu wannan muka fi so, domin ƙafa ce ke yanke hukunci, tazarar kuma sakanni ce. Iskar gefe ma makami ce: a La Vuelta Femenina, tseren Sifaniya, ta 2023 ayari ya tsage a iska kwana ɗaya kafin Covadonga, Vollering ta rage a baya, kuma duk da ta ci zangon dutsen, Van Vleuten ta tsira da sakan 9. A Giro, tseren Italiya, ta 2024, bayan dutsen Blockhaus, Elisa Longo Borghini ta shiga ranar ƙarshe tana gaban Lotte Kopecky da sakan 1 tak.

Sai tseren agogo, inda kowa ke tashi ita kaɗai. Shi ne ma'aunin da ke hana masu ƙaramin jiki mamaye komai. A 2023 an yi na kilomita 22.6 a Pau a ranar ƙarshe, a 2024 na kilomita 6.3 kawai, a 2022 da 2025 babu. Ra'ayinmu shi ne a sa na kilomita 20 zuwa 25 kafin duwatsu. Mai hawa da ta rasa minti ɗaya a can dole ta kai hari daga nesa, kuma kai mai kallo kai ne da riba.

Tambaya: Gangara tana ba ni tsoro. Ana la'akari da ita kuwa, ko hawa kawai ake dubawa?

Amsa: Ana yi, 'yar uwa, kuma ya kamata a fi haka. Gangara tana yanke sakamako kamar hawa. Sarah Gigante ta zo ta biyu a Madeleine a 2025, washegari aka bar ta a gangarar Joux Plane, ta faɗo daga matsayi na biyu a jimillar tseren. Wannan halas ne a tsere, saukowa ma gwaninta ce. Abin da bai halatta ba shi ne tarkon da ba a gani.

Ana wuce kilomita 80 a awa a wasu wuraren. Kwanar da ta fi haɗari ita ce wadda take fara lanƙwasa a hankali sannan ta tsuke daga baya: an shiga da gudu, an kwantar da keke, sai a ga hanya ta ƙare, a taɓa birki a tsakiyar kwana, tayar gaba ta zame. A irin wannan wuri ana sa mutum da tuta mai ruwan ɗorawa da usur tun kafin kwanar, a ɗaura katifu a jikin bango ko ƙarfen gefen hanya, a share tsakuwa da safiyar ranar. Kwaltar da aka yi wa faci tana narkewa a zafi ta zama santsi. Ramin da aka haƙa a dutse yana makantar da mai sanye da baƙin tabarau na 'yan sakanni, don haka ana ƙara masa fitila. Ba a son layin kammalawa ya zo daidai gindin gangara, saboda yana tilasta wa kowa yin kasada; a bar 'yan kilomita na shimfiɗa ko ɗan hawa.

A zangunan shimfiɗa akwai dokar da ke ba wadda ta faɗi a kilomita 3 na ƙarshe lokacin tawagarta, a wasu zanguna ana faɗaɗa ta zuwa 5. Ba ta aiki a zangon da ke ƙarewa a kan dutse. Faɗuwar da ta jawo wa Vollering bashin da muka ambata a 2024 ta auku ne kimanin kilomita 6 kafin Amnéville, a wajen wannan kariya.

Rufe hanya kuwa babu sassauci a kansa. A 2023 UCI ta dakatar da wani tseren mata a Pyrenees bayan zango na biyu, saboda motocin jama'a suna shigowa hanya kuma ƙungiyoyi sun ƙi ci gaba. Kowane zangon dutse mai tsayi kuma yana buƙatar hanyar ko-ta-kwana da aka riga aka duba. A Giro ta 2019 an shirya hawa Gavia, zaftarewar ƙasa ta hana, aka karkata zuwa Lago di Cancano. Sanyi ma abin lissafi ne: duk mita 1,000 da aka ɗaga, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6, sai a sauko da jiƙaƙƙiyar riga yatsu sun ƙage ba sa jin birki.

Tambaya: Masu gudun shimfiɗa da ba su iya hawa ba fa, yaya suke tsira? Kuma me ƙungiya ke shiryawa don irin wannan rana?

Amsa: Malam, su tserensu da wa'adi ne. Kowane zango yana da iyakar lokaci, wani kaso a kan lokacin wadda ta ci, kuma kason yana ƙaruwa da wuyar zangon da saurin da aka yi. Misali, idan an ci cikin awa 3 da minti 30 kuma kason 15 ne cikin 100, duk wadda ta wuce minti 31 da rabi a baya an sallame ta. Gajeren zango mai dutse tun farko shi ya fi kashe su, domin lokacin ya ƙanƙanta, wa'adin ma ya ƙanƙanta, kuma an yar da su tun daga kilomita na goma. Sai su haɗu tawaga guda, wata mai ƙwarewa ta riƙa lissafi: a rasa kaza a hawa, a rama kaza a gangara da kwari. Mai shata hanya da ya manta da su zai iya rasa ashirin a yini ɗaya.

Ga masu neman nasara, shiri yana farawa watanni kafin. Ana zuwa a hau duwatsun, a sauka gangarar sau biyu, a ɗauki bidiyo. Makanike yana sa giya mai laushi, galibi ƙaramin faranti mai haƙora 34 ko 36 a gaba da 32 ko 34 a baya, ya kuma matso da nauyin keke kusa da kilo 6.8, wanda shi ne mafi ƙarancin da doka ta yarda. Abinci ana lissafa shi da awa, kimanin giram 80 zuwa 100 na sukari da sitaci, a ruwa da 'yan ƙunshi, kuma a fara tun awar farko. Wadda ta jira sai ta ji yunwa ta makara, ƙafafu za su ɗauke mata a tsakiyar dutsen ƙarshe ko da ta fi kowa ƙarfi. A ƙa'ida ba a miƙa abinci daga mota a kilomita 30 na farko da 20 na ƙarshe, ko a gangarar manyan duwatsu, sai in alƙalai sun sassauta saboda zafi. Don haka ana tura ma'aikata su tsaya a wuraren da aka amince kusa da ƙoli, inda gudu ya ragu, da gorar ruwa da rigar iska. A hanyar dutse mai tsukuku motar ƙungiya kan maƙale mintuna a baya, shi ya sa ake ajiye wani da tayar sauyi a gefen hanya.

Sai dabarar da ta fi kowace biya. Tun da safe a cusa 'yar ƙungiya guda, mai ƙarfin ja a shimfiɗa, cikin masu ɓallewar farko. Aikinta ta haye dutsen kusa da na ƙarshe da tazarar minti biyu ko uku, ta ci abinci a gangara, ta sassauta a bakin kwari. Idan jagora ta kai hari a ƙoli ta sauko, sai ta tarar da ita, ta laɓe a bayanta har gindin dutsen ƙarshe. Idan tazarar ta gaza minti ɗaya, za a kamo ta tun a hawa tana haki, ba ta da abin bayarwa. Idan ta wuce minti biyar, sai daraktan ƙungiya ya kira ta a rediyo ta tsaya ta jira.